Ragon Layya a Cikin Fayil

Shekara goma sha ɗaya na yi a aikin nan, ranaku da yawa sun shuɗe mini, amma har gobe ban manta da ranar da nama ya tsaya mini a wuya a gidan Alhaji Isaka ba. Ranar Babbar Sallah ce, a unguwar Tremont nan Amurka, a bene hawa na huɗu. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin, ku da kuke koya wa yaranmu wasa a unguwa, da ku biyun nan da kuka shigo irin aikina bana, to wannan zan ba ku. Ku gyara zama.

Bari in fara da bayanin aikin, don na san a cikinku akwai wanda har yau yake zaton alƙalin wasa ne ni. Ba ni da usur. Wata ƙaramar jami'a nake yi wa aiki, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa daga gidana a unguwar University Heights, a ofishin da ke sa ido kan bin doka a sashen wasanni. Mu biyu ne a lokacin: shugabata Madam Rosalin, sai ni mataimakinta. Babban wasanmu ƙwallon Amurka ne, wadda ake rungume ƙwallon a ruga da ita, ƙarti suna bin mutum su kayar. Kowace shekara kociyoyinmu suna bazama makarantun sakandare neman yaran da za su buga mana. Yaron da aka ɗauka, makaranta ce za ta ɗauke masa nauyin karatu da ɗaki da abinci har shekara huɗu.

Shi wannan neman yaran yana da dokoki, kuma hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i ba ta wasa da su. Akwai watannin da za a kira yaro a waya, akwai na ziyara, akwai waɗanda ko sallama aka yi masa a hanya sai an rubuta. A wancan lokacin, kafin a sassauta wasu abubuwa, babbar doka ita ce ta kyauta. Ba a ba yaro komai, ba a ba iyayensa komai, ko daga koci, ko daga tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni da ke tallafa wa ƙungiya. In aka bayar aka karɓa, an dakatar da yaron ke nan har sai an yi bincike an wanke shi. Aikinmu shi ne mu hana, in kuma an riga an yi, mu kai rahoton kanmu da kanmu. Shi ya sa kociyoyi suke kiranmu 'yan sandan ciki. In na shiga ɗakin shayi sai hira ta mutu.

Yaron da ake magana Razak ne, ɗan Alhaji Isaka. Alhaji mutumin Zangon Kumasi ne, tasi yake tuƙawa, masallaci ɗaya muke Juma'a. Razak kuwa, tabarkalla! Yana shekara sha bakwai sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. A layin gaba yake, cikin waɗanda aikinsu su tare hanya kada a taɓa mai jefa ƙwallo. Kocinmu mai neman yara, Koci Darel, ya yi shekara biyu yana bin sa, har yaron ya yi mana alkawarin baka cewa mu zai zo wa, in sanyi ya shigo zai sa hannu a takarda. Tun farko na gaya wa Madam na san gidan. Ta sa na cike fom, ta ce in ci gaba da zumuncina, amma kada maganar makaranta ta haɗa ni da su.

To, Sallar shekarar ta faɗo a ƙarshen zafi. Da la'asar muka je gaisuwa ni da matata Bilkisu. Falo ya cika, fanka biyu suna juyi a banza, Hajiya Memuna, uwar Razak, ta zubo mana shinkafa da wake irin na Zango, ga shito, yajin nan nasu mai mai, ga soyayyen nama tuli a tire. Na ɗauki haƙarƙari na kai baki. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, bana kam ka yi bajinta, naman nan ba ya ƙarewa."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ai biyu muka yanka. Ɗaya nawa, ɗaya na baturen nan mutumin kirki, Mista Frank. Malam Habibu ma ya san shi, mutumin makarantarsu ne."

Na san shi mana. Tsohon ɗan wasanmu ne, yana da kamfanin manyan motoci, duk wasa yana kujerar gaba yana ihu. Ashe ranar da su Alhaji suka zo kallon atisaye ya matso ya gaishe su, ya ji Sallah ta kusa, ya tambayi yadda ake yi. Alhaji da son hira ya zayyana masa komai, har sunan mayankar da yake zuwa. Shi ke nan mutumin ya buga waya mayanka ya biya ragon da ya fi kowane girma, ya ce a rubuta sunan Alhaji.

Wallahi naman nan ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na yi tari har Bilkisu ta miƙo mini ruwa. Alhaji kuwa sai lissafo gidajen da aka kai wa yake yi: liman, maƙwabta, tsohuwar 'yar Dominika da ke ƙasa, mai gyaran famfon gidan. Rabin Tremont ya ci. Na ɗaga ido muka haɗa da Razak, yana tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Daga kallon da ya yi mini na gane ya san abin da aka yi.

Da za mu tafi ya biyo ni matakala. Yaran nan kun san su, a yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ranar da Hausa ya yi mini, tana karyewa. Ya ce, "Kawu, ba ka ji komai ba, ko? Na ce Baba kar ya karɓa. Ya ce ba a mayar da kyauta." Na dafa kafaɗarsa, wadda sai da na yi ɗage na kai, na sauka.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana biyu na yi ina neman hanyar yin shiru. Wa zai sani? A ofishinmu babu mai jin Hausa, babu wanda ya san mayanka, babu wanda ya san mene ne layya. Kuma na san abin da ke kan layi. Alhaji ba zai iya biyan ko zango ɗaya na jami'a ba. In abin ya lalace, karatun yaron ne ya lalace, kuma da bakina. Na ce wa Bilkisu ni dai ban ga komai ba. Ta buɗe firiza ta ciro ƙunshi ta ajiye a gabana. Ta ce, "Wannan fa? Cinya ce guda Hajiya ta ba mu. Ba ka gani ba, amma ka ci, kuma ga saura." Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa maganarta take zafi.

Da na zauna na yi tunani da hankalin aiki, sai na ga shirun ma ba ceto ba ne. Maganar da Alhaji yake faɗa a falo cike da mutane ba ta ɓuya. Wasu makarantu ma suna son Razak, kuma masu neman yara kunnuwansu dogaye ne. In ta fito bayan ya sa hannu ya fara buga wasa, lokacin ba kuskure za a kira ta ba, ɓoyewa za a ce. A nan ne ake korar yaro ana korar ma'aikaci.

A ƙa'ida Madam zan fara gaya wa, nan take. Ban yi haka ba. Ban ga yadda zan ci abincin dattijo in kai maganarsa ofis bai sani ba. Ranar Lahadi bayan azahar na tare shi a ƙofar masallaci, muka shiga tasinsa, na yi masa bayani dalla-dalla.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Malam Habibu, me kake gaya mini? Sayar da ɗana na yi? Da rago? Ni Isaka?"

Na ce, "Alhaji, ban ce haka ba."

"Ka faɗa mana! Mutum ya girmama Sallarmu, ya aiko da alheri, in mayar masa in ce me? A gidanku haka aka koya maka? Ko naman nan a cikina ya zauna? Rabawa na yi saboda Allah. Kai ma ka ci, ka sha ruwa, yanzu ka zo za ka kai ƙarata wurin Turawa."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce a ciki. Na bari ya huce kaɗan. Sannan na yi masa tambaya ɗaya, wadda aikin ya koya mini. Na ce, "Alhaji, tun da aka yanka ragon, Mista Frank ya kira ka?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu. Can ya ce, "Jiya ya kira."

"Barka da Sallah ya yi maka?"

"Ya yi. Sannan ya ce ya ji wata makaranta a jihar Pensilbeniya ta gayyaci Razak ya je ya ga wurinsu. Ya ce ba sai ya je ba, tunda yanzu mun zama dangi." Ya juyo ya kalle ni. "Na ce masa to. Nauyinsa na ji."

Na ce, "To ka ga kuɗin ragon ke nan, Alhaji."

Bai ce na yi gaskiya ba. Buɗe mini ƙofa ya yi ya ce in sauka, yana da fasinja. Ba fasinjan komai.

Litinin da safe na shiga ofishin Madam na rufe ƙofa. Na faɗa mata komai, har da cinyar da ke firiza. Ta cire tabarau ta ce, "Habib, rago? Mai rai?"

Na ce, "Da yana da rai, Madam."

Ta jawo fom ɗin rahoto. Akwai gurbin abinci, na sufuri, na tufafi, na masauki, sai na ƙarshe, wani abu dabam. A nan ta rubuta rago. Sannan ta juyo kaina, kuma ba ta raga mini ba. Kwana uku na jinkirta, na kuma je wurin uban yaro kafin in zo wurinta, alhali na sa hannu ba zan yi musu maganar makaranta ba. Ta ce takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina, kuma daga yau hannuna ya fita daga binciken, shaida ne ni kawai. Na ji haushi ƙwarai, amma ban yi musu ba. Takardar tana nan har yau.

Koci Darel kuwa har teburina ya zo. Ya ce, "Shekara biyu ina bin yaron nan, ruwa da ƙanƙara, ka zo ka rusa mini saboda tunkiya?" Na ce rago ne. Ban san me ya sa na gyara masa ba, abin dai ya ƙara tunzura shi. Shi kansa bai san da kyautar ba, bincike ya tabbatar da haka, amma zafinsa a kaina ya sauke.

Ga inda haɗarin yake, ku biyun nan ku saurara da kyau. In irin haka ta faru, hanya mafi sauƙi ga makaranta ita ce ta ce ta fasa neman yaron. Ta wanke hannunta, laifinta ya ragu. Shi kuwa yaro sai labari ya bazu cewa yana da matsala, sauran makarantu su ja baya, ba tare da kowa ya tambayi me ya yi ba. Babban daraktan wasanni haka ya so a yi. Madam ta ce a'a, sai ta ji daga bakin iyayen tukuna. Ta ce mini, "Rubuto mini bayanin wannan yanka naku, shafi ɗaya, yadda wanda bai taɓa ji ba zai gane." Na rubuta cewa ibada ce, ana kasa naman a ci kaɗan a rabar da sauran, kuma a wurinmu mayar wa mutum kyautarsa kamar zaginsa ne. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma ce ba a karya doka ba.

Ranar Alhamis Alhaji ya zo. Ya ajiye tasi, ya sa babbar riga fara da hula, ya hau jirgi da ɗansa. Ni ko kallona bai yi ba. Ya ajiye wa Madam rasiɗin mayanka, da wata takarda da Hajiya Memuna ta rubuta da hannunta, sunayen gidajen da aka kai wa naman ɗaya bayan ɗaya. Alhaji yana jin Turanci sarai, shekara ashirin yana ɗaukar fasinja, amma ya ce wannan magana da harshensa zai yi ta. Madam ta ce ni ba zan fassara ba, tunda ina ciki. Sai ya zama Razak ne tafinta.

Alhaji ya ce, "Faɗa mata na ɗauka kyauta ce, ashe toshiyar baki ce." Yaron ya faɗa.

"Faɗa mata ni na karɓa. Kai ka hana ni, na ƙi jin maganarka, kuma kai ne da gaskiya."

Nan Razak ya tsaya. Ina jin tunda aka haife shi bai taɓa jin ubansa ya faɗi haka ba, balle a gaban mutane. Alhaji ya ce, "Faɗa mana, me kake jira?" Ya faɗa, yana kallon ƙasa.

"Faɗa mata in hukunci ne a yi mini. A hana ni shiga filin wasa har in mutu, ban damu ba, dama ban gane wasan ba. Amma kada a taɓa karatun yaron nan."

Madam ta rubuta komai. Da suka fita ta ɗauki waya ta kira darakta. Ina ji ta ce ba da sa hannunta za a yar da yaron nan ba, kuma yau za ta tura rahoto tare da roƙon a wanke shi.

Mako biyar muka yi muna jira. A makonnin nan Alhaji in ya hango ni a masallaci sai ya canza sahu. Wasu ma a unguwa sun daina amsa mini gaisuwa da kyau, an ce ni ne na kai ɗan mutane ƙara don in gyara kujerata. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Har na fara zuwa Juma'a a wani masallaci a unguwar Concourse Village.

Da amsa ta zo, Madam ta kira ni ta karanta mini. An hana Mista Frank kusantar duk wani yaro da muke nema, an kuma raba shi da harkar ƙungiya na wani lokaci. Kociyoyi duka za su zauna darasin dokoki. Razak kuwa an wanke shi, da sharaɗi ɗaya: iyayensa su ba da kimar ragon ga wata ƙungiyar taimakon mabuƙata da suka zaɓa, su kawo shaida.

Razak ya gaya mini yadda ubansa ya karɓi labarin. Wai ya sa an maimaita masa sau biyu, sannan ya ce, "Sadaka? Duk wannan tashin hankalin, hukuncin shi ne in yi sadaka?" Ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya kai wa wani wurin da ake raba wa marasa ƙarfi abinci a unguwarsu, ya karɓo takarda, ya aiko.

Kuna jira in ce Razak ya zo ya buga mana ya ci mana kofi. Bai zo ba. Da aka wanke shi ya je ziyarar nan ta Pensilbeniya, ya ga suna da kwas ɗin gashin ƙashi da motsa jiki da yake so, wanda mu ba mu da shi. Da sanyi ya shigo, can ya sa hannu. Koci Darel ya yi zangon karatu guda bai yi mini magana ba.

Ranar da yaron ya sa hannu, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, karo na farko tun ranar tasi. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya ce, "Malam Habibu, ba makarantarku ya zaɓa ba."

Na ce, "Na ji, Alhaji."

"Ka ji haushi?"

"Na ji."

Ya ce, "To ka yi haƙuri. Amma shi ya zaɓa da kansa. Ba ni ba, ba baturen nan ba." Sannan ya ce, "Akwai wani mutumin Maraɗi a nan, ɗansa ma an fara kiransa a waya. Zan kawo maka shi ranar Juma'a ka yi masa bayani tun kafin wani ya aiko masa da wani abu. Kuma ka dawo masallacinka, wa ya kore ka?"

Razak ya gama karatunsa. Bai zama shahararren ɗan wasa ba, gwiwa ta hana, amma yana aiki a wani wurin gashin ƙashi, yana tayar da tsofaffi su sake taka ƙasa. Ni kuma tun daga mutumin Maraɗin nan, duk shekara kafin a fara neman yara nakan zauna da iyaye bayan sallar Juma'a in yi musu bayani da Hausa.

Abin da na koya shi ne wannan. Da na shiga aikin na ɗauka makaranta nake karewa daga hukunci, haka ma aka rubuta a takardar ɗaukata. Ashe mafi yawan lokaci yaro nake karewa daga masu ƙaunarsa. Mista Frank ba mugu ba ne, ƙungiyarsa yake so ta ci. Koci Darel ba mugu ba ne. Alhaji kuwa kunya ce da mutunci suka kusa sa shi ya rufe wa ɗansa ƙofa. Mutanenmu ba kwaɗayi ke kama su ba a harkar nan, nauyin wanda ya yi musu alheri ne, kuma masu bayarwa sun san da haka. Saboda haka in kun ga an karya doka, kada ku yi kwana uku irin nawa, ku faɗa da wuri. Kada kuma ku tsaya a cike fom, ku tsaya wa yaron har ƙarshe kamar yadda Madam Rosalin ta yi. Za a ƙi gaishe ku na ɗan lokaci, zai kuma yi ciwo. Amma ranar da ɗan shekara sha bakwai ya ɗauki biro ya sa hannu inda ransa yake so, ba ya jin nauyin kowa, to aikinku ya yi, ko da ba makarantarku ya zaɓa ba.